Gas Ɗin da Ba Ya Wari

Sufeto Ilkka Karppinen yana tsaye da tawul a kafaɗa, yana jiran saunar gidansa, wato ɗakin wankan tururi, ta yi zafi, wayar ofis ta shigo. Ranar Asabar ce. A nan yankin Kainuu na ƙasar Finland kuwa duk wanda ya kira mutum da yammacin Asabar, to ko dai ba shi da kunya, ko wani ya mutu.

"Wani ya mutu," in ji Saje Pirjo Kemppainen, abokiyar aikinsa. "Ƙauyen Lehtoranta, gidan Heiskanen. Tsohon ya sauka ƙarƙashin gida zai hura murhun sauna, wurin ya tashi da shi. 'Yan kwana-kwana sun ce gas ne."

"Gas a murhun itace?"

"Abin da na tambaya ke nan. Sun ce ka zo ka ga sabon injin ɗumama gidan."

Gidan na katako ne, irin na dā, kuma bai rushe ba. Ƙofar ɗakin ƙasa ce ta yi tsalle ta faɗo kan matakalar da ke sauka gare ta daga waje. An riga an lulluɓe gawar Veikko Heiskanen. Karppinen ya ɗaga mayafin, ya mayar da sauri.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya ja shi bayan gida, inda injin yake zaune kan ƙafafunsa na ƙarfe, ƙanƙara ta daskare a bayansa.

"Da kaka aka cire musu tsohon injin, aka kafa wannan," in ji shi. "Tsohon gas an ce yana ɓata sararin sama, ana ta janye shi. Wannan sabon ɗan'uwan gas ɗin girki ne, sai dai ba a sa masa wari ba. Ya fi iska nauyi. Idan ya fita, ƙasa yake bi kamar ruwa."

"Kuma ya fita?"

"Babu ko ɗigo a ciki."

Matar mamacin, Raili, tana zaune a ɗakin girki da rigar sanyi har wuya. Lokacin da abin ya faru ta je kai wa ƙanwarta burodi a cikin gari. Ba ta kuka. Ta ɗora musu kofi, don a ƙauyen nan ko sama ce ta faɗo ba a barin baƙo da kofi babu komai a ciki.

"Wa ya kafa muku injin?" Karppinen ya tambaya.

"Henna Tolvanen. Ita ta gaji shagon ubanta."

"Bayan ita akwai wanda ya taɓa shi?"

Raili ta kalli taga. "Babu."

"Mijinki fa?"

"Veikko? Tun da zuciyarsa ta buga bara likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi. Sauna kaɗai ya ƙi saki. Ya ce ranar da wani ya hura masa ita, a auna masa akwatin gawa."

Maƙwabci ɗaya ne kusa, gidan da ke bayan shinge. Washegari suka same shi yana faskare. Sunansa Onni Mustonen, dogon tsoho, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran ɗakunan sanyi a masana'antar madara.

"Ina kake jiya da rana, Mustonen?"

"Kan tafki, kamun kifi."

"Ka ji ƙarar?"

"Na ji."

"Ka ga wani ya shiga gidan?"

"Ba na kallon gidan. Ni da Heiskanen ba ma magana."

"Tun yaushe?"

"An jima."

A mota Pirjo ta ce, "Yau dai Mustonen ya ƙarar da maganar wata guda a kanmu. Sai ya huta."

Karppinen bai yi dariya ba. Shi a ransa ya gama bincike: sabon inji, sabon gas, mai kafawa ɗaya. Mutum ne mai son ya rufe fayil kafin ya yi ƙura, kuma wannan hali ya sha jawo masa yabo. Ranar Litinin, maimakon ya aika wa Henna Tolvanen ta zo ofis, sai ya ga motar aikinta a bakin kantin ƙauye, ya tsaya. A gaban masu sayayya ya ce ta shiga motar 'yan sanda, tana riƙe da ledar abincin ranarta.

Henna mace ce gajeriya mai kaurin hannu, shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba. A ofis ta zauna ba ta cire hula ba.

"Na kafa shi yadda doka ta ce. Ku je ku auna. Tazararsa da ƙofar ƙasa ta ma fi abin da ake nema."

"Kin gaya musu gas ɗin yana kama wuta?"

"Na gaya wa Veikko. Ya ce ya ji, ya ce ba yau ya fara ganin inji ba."

"Yaushe rabonki da gidan?"

"Tun kaka."

Pirjo ta jingina da kujera. "Henna, mai kai wasiƙu ya ga motarki a ƙofarsu ranar Alhamis. Motar da aka rubuta sunanki a jikinta ba a ɓoyewa da ita."

Henna ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Na je. Veikko ya kira ni, ya ce gidan ba ya ɗumi. Na tarar ƙanƙara ta toshe bayan injin, wayar da ke narkar da ita ta mutu. Ba ni da sabuwa a mota. Na ce su yi ta hura murhun falo, zan dawo yau. Na ce kada kowa ya taɓa. Ban ko kwance murfi ba."

"To me ya sa kika yi ƙarya?"

"Don na san abin da za ka yi tunani. Ga shi kuwa kana yi."

An sallame ta, amma an riƙe lasin aikinta, kuma mai gabatar da ƙara ya fara maganar kisa bisa sakaci. Kafin Laraba labari ya zagaya duk gidajen bakin tafki. Mutanen da ta kafa wa inji suka kashe nasu suka koma faskare. Babu wanda ya zage ta, mu ba ma haka. Gaisuwa kawai aka daina amsa mata, wanda a wurinmu ya fi zagi ciwo.

Ranar Alhamis sakamakon ɗakin bincike ya iso. Pirjo ta ajiye hoton a gabansa: bututun jan ƙarfe siriri, da ɗan rami a jikinsa.

"Ba haɗi ne ya saki ba," in ji ta. "Duk inda Henna ta ɗaure yana nan daram. Wannan daga waje aka soke shi, da ƙarfe mai baki kamar kurfi."

"Ita ma tana da kayan aiki."

"Ilkka, wane mai lasin ne zai soki injin da ya kafa da hannunsa? Kuma da ranar Alhamis aka huda shi, da gas ɗin ya watse tun kafin Asabar."

Karppinen ya ɗauki hula.

Dusar ƙanƙara ba ta sake sauka ba tun ranar Asabar, sai sanyi da ya ƙara ƙarfi, don haka farfajiyar tana nan yadda suka bar ta. 'Yan kwana-kwana sun tattake gaban gida. Bayan gida kuwa ba su ɓata komai ba, kuma a ranar farko Karppinen ya bi ta wurin bai ga abin da yake takawa ba.

Hanya ce aka share. Ta taso daga gindin injin ta miƙe har bakin matakalar ɗakin ƙasa, dusar ta taru dama da hagu har gwiwa, gefenta a yanke tsaf kamar da wuƙa. Ya tsuguna a gindin injin ya duba. Hanyar gangara take yi.

"Da kaka fili ne a nan," ya ce a hankali. "Ko gas ya fita, iska za ta kwashe shi. Wannan kuwa kwata ce aka gina masa har ƙofa."

"Wa ya share?" in ji Pirjo. "Mai ciwon zuciya, ko tsohuwar da ke riƙe bango kafin ta sauka mataki?"

Suka bi hanyar ta ɗaya ɓangaren. Ta zagaya rumfar itace ta ƙare a jikin shinge, daidai inda katako biyu suka ɗan buɗe.

Wannan karon Karppinen bai taɓa kofin da Raili ta zuba masa ba.

"Wa yake share muku dusa?"

"Masu motar gari."

"Motar gari titi take sharewa, ba ta shiga bayan gida. Raili, akwai matar da za a kai kotu saboda wannan magana."

Tsohuwar ta daɗe tana murza gefen zanen tebur.

"Onni ne," ta ce. "Tun da Veikko ya kwanta asibiti. Idan dusa ta sauka, kafin mu tashi ya share ya koma."

"Ya ce ba sa magana."

"Ba sa yi. Tun a kan kwalekwalen da suka haɗa, wani ya manta bai ɗaure ba, iska ta kai shi kan duwatsu. Kowa ya ce ɗayan ne. Jikata tana goye a lokacin, yanzu tana tuƙa mota."

"Veikko ya san wa ke share masa hanya?"

"Ya sani sarai. Sai ya leƙa ta taga ya ce, 'Kin ga, yau ma iska ta yi mana aiki.' Idan ya gasa kifi kuma sai ya rataye rabi a shinge, ya ce na tsuntsaye ne." Muryarta ta karye. "Tsofaffin banza guda biyu. Na gaya musu, kowanne a nasa gefen, na ce mutuwa za ta same ku a haka."

"Mustonen ya san injin ya toshe?"

Ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ni na gaya masa. Ranar Juma'a, a bakin shinge. Na ce gidan ya yi sanyi, Veikko yana tari, yarinyar kuma sai Litinin. Ban ce ya yi komai ba. Amma na san Onni. Na san ba zai kwana biyu da maganar a cikinsa ba."

"Kin ji yarinyar ta ce kada a taɓa?"

"Ina ɗakin girki. Da Veikko ta yi magana, shi kuwa bai taɓa maimaita mini maganar inji ba."

Onni Mustonen yana zaune a rumfarsa yana gyaran koma lokacin da suka shiga. Bai miƙe ba. A kusurwa akwai dogon ƙarfen da masunta ke fasa ƙanƙarar tafki da shi, bakinsa kamar kurfi. Pirjo ta sa safar hannu ta ɗauke shi.

"Ka ce kana kan tafki ranar Asabar," in ji Karppinen.

"Na ce."

"Idan muka kai wannan ɗakin bincike, me za su gani a bakinsa?"

Tsohon ya ci gaba da ɗaure zare. Ya yi ƙulli, ya ja, ya sake yin wani. Karppinen ya jira. Wanda ya yi aiki a nan ya san tsohon Kainuu ba a tura shi, sai dai a zauna har ya iso da kansa.

"Jan ƙarfe za su gani," in ji Onni.

Ya ajiye komar.

"Na ga Raili ta fita da mota. Na san Veikko yana ɗan kishingiɗa bayan cin abinci. Na ce bari in sauke musu ƙanƙarar nan, aikin da ba zai kai shan kofi ɗaya ba. Tsohon injinsu ma haka nake yi masa duk hunturu. Ina cikin sara, hannuna ya zame. Na ji ya yi tsaki."

"Ka san gas ne ke fita."

"Na sani mana. Sufeto, na yi rayuwata a cikin gas ɗin nan. A masana'anta idan bututu ya fashe, sai mu buɗe ƙofa mu kunna taba muna jira ya gama. Ko ashana ka sa masa kashe ta yake yi. Na shinshina, babu wari. Na ce ɓarna dai na yi, zan nemi yarinyar a ɓoye ta gyara, kada Veikko ya ji."

"Akwai hoton wuta a jikin injin."

"Ƙanƙara ta rufe shi. Ko da bai rufe ba, ban duba ba. Wa zai koya mini inji?"

Ya faɗi wannan ba da alfahari ba. Kamar mutum ne yake maimaita maganar wani wawa da ya taɓa sani.

"Sannan me ya faru?"

"Ina tsaye ina jin tsakin, har ya fara raguwa. Sai fitilar ɗakin ƙasa ta kama. Akwai 'yar taga a gefen matakala. Na gan shi ya sauko da ƙiraren itace a hannu, yana tari. Ya durƙusa gaban murhu yana jerawa, a hankali, yadda ya saba."

"Tsakaninku nawa?"

"Gilashi kawai." Onni ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi. "Na ɗaga hannun nan zan ƙwanƙwasa. Ba don wuta ba, ban kawo wuta a raina ba. Don kawai in ce masa, 'Veikko, na yi maka ɓarna.' Abin da kowane maƙwabci zai ce ke nan. Shi kuwa yarinyar ta gaya masa irin gas ɗin, ko ba haka ba?"

"Ta gaya masa."

"To ka gani. Da ya ajiye ashanar." Ya sauke hannun. "Sai na ce a raina, idan na yi magana, ni na fara ke nan. Na ɗauki ƙarfena na bi ta shinge. Ban kai ga cire takalmi ba na ji ƙarar."

Pirjo ta juya tana kallon bango. Karppinen ya sha ganin masu kisa don ƙiyayya, kuma waɗancan sun fi wannan tsoho sauƙin kallo.

"Mustonen, kwana huɗu ke nan ana nuna Henna Tolvanen da yatsa. Ka sani?"

"Na sani."

"Me ka jira?"

"Kullum sai in sa riga in ce yau zan je. In na kai ƙofa sai in ce gobe." Ya dubi Sufeton. "Kai ma ai ba ka jira komai ba kafin ka ɗauke ta."

Gaskiya ce, kuma tun safe take cin Karppinen. Ya gaya wa tsohon abin da ake tuhumarsa da shi. Ba a sa masa ankwa ba. Ya kashe murhu, ya zuba wa kyanwa abinci, ya sa rigar da yake zuwa coci da ita. Raili tana tsaye a tagarta lokacin da motar ta wuce, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma ja labule ba.

Sun kusa fita daga ƙauyen Onni ya ce, "Ku tsaya a shagon Tolvanen."

"Ni zan gaya mata," in ji Karppinen. "Aikina ne, kuma ina da tawa maganar da zan yi mata."

"Ka yi taka daga baya. Wannan tawa ce."

Henna tana cikin shago ita kaɗai, tana zaune a kan kwalin wani sabon inji da mai shi ya fasa karɓa. Da ta ga motar 'yan sanda ta miƙe tsaye, fuskarta ta yi fari. Ta ɗauka zuwa aka yi a tafi da ita.

Onni ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula.

"Henna, ni ne. Ni na huda injin da ƙarfen kamun kifi. Na ji yana fita ban faɗa ba. Na ga an ɗauke ki ma ban faɗa ba. Aikinki ba shi da aibi."

Karppinen ya ƙara da cewa gobe za a mayar mata da lasinta, kuma ya yi kuskure a kanta, ya ba ta haƙuri. Ba ta ko dube shi ba. Tsohon take kallo, wanda tun tana ƙarama yake zuwa shagon nan aron sifana wurin ubanta.

"Ka iya magana ashe, Onni," ta ce.

"Yanzu dai."

"Ka ga yadda ba ta da wuya? Ko minti ɗaya ba ka yi ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Da rabin wannan ka gaya wa Veikko."

Onni ya gyaɗa kai. Ya yi ƙoƙarin mayar da hularsa, ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa. Pirjo ta ɗauka ta riƙe masa, ta kama shi a gwiwar hannu, suka koma mota.